Kan Bijimin da Ya Hana Yaran Inugu Ɗiban Ruwa

Ku yi ta dariya, haƙoranku ne. Tun ɗazu nake jin ku, kun haɗa kai a kan waya ɗaya kamar kaji a kan tsaba. Wai kun tsinci tsohon wasan yara na talabijin, wai dodon ciki kan bijimi ne kawai aka kifa wa mutum, wai ko ku ma za ku iya kafin la'asar. To ni na yi kan nan. Ni Hudu Baduku, a wannan rumfar ta bakin kasuwar Ogbete da kuka zauna kuka tare mini iska. Shekara arba'in da wani abu sunana yana rataye a ƙahonsa, da shi na ci, da shi na ciyar da iyali, kuma duk tsawon lokacin nan addu'ata ɗaya ce, kada wani ya gano yadda aka yi ya fito haka. Ku baƙi ne, ba ku san labarin ba. Kai mai jar hula, kife wayar nan ka saurara.

Jima da dukanci a wurin ƙanin mahaifina na koya, a can ƙasar Kano. Shekara biyu bai bari na taɓa basilla ba. Kartaji kawai yake miƙo mini, ƙarfen nan da ake kankare nama da kitse daga jikin fata, in durƙusa tun safe har bayana ya ƙage. In na huda fata ba ya duka na. Rataye ta yake yi a ƙofar zaure, duk mai wucewa ya leƙo ta hudar ya gaishe shi, shi kuma ya amsa da cewa, "Lafiya lau, aikin Hudu ne, ya yi mana taga." Ya koya mini toka da kanwa, ya koya mini jiƙa bagaruwa har ruwan ya yi kalar shayi, ya koya mini shafa man gyaɗa da murza fata har ta yi laushi. Abu ɗaya ne bai koya mini ba, don shi ma bai taɓa tunanin ana koyonsa ba: shanya. A can ka baza fata kwana biyu, rana ta gama maka sauran aikin. Ban taɓa sanin akwai garin da mutum zai yi sati bai ga inuwarsa ba.

Da na sauka Inugu, aikina na farko kube ne na wuƙaƙen mahauta. Sai sarakunan Ibo masu son mafici na fata a rubuta musu sarautarsu a jiki, sai masu gangar coci. Abokan gabana kuwa ba dukawa ba ne, mata ne masu sayar da ganda. A garin nan fata abinci ce. Ka je mayanka ka ɗaga fata kana duba ko tana da tabo, wata mata ta kama ɗaya gefen tana lissafin tukunya nawa za ta yi. Sau biyu ana jan fata da ni, kuma duka biyun ni na faɗi.

Wanda ya tsaya mini a lokacin shi ne Tanko mahauci. Ya girme ni da kusan shekara goma, dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga shagonsa, kuma magana ba ta dame shi ba. Shi ya ba ni wurin kwana, shi yake ɓoye mini fata kafin matan nan su iso. Yaya Tanko nake ce masa har gobe.

Wata uku da zuwana, tsakiyar damina, sai ga wani gajeren mutum mai tabarau daga gidan talabijin, kowa yana ce masa Oga Darakta. Ya ce za su yi wasa na yara, duk Asabar da yamma. Labarin wani bijimi ne da yake zaune a cikin rijiyar makaranta. Duk yaron da ya yi ƙarya, bijimin zai fito da ƙafa biyu ya zo ya tsaya a bakin tagar ajinsu. Ba ya magana, ba ya cizo, ba ya tunkuyi. Tsayuwa kawai yake yi har sai yaron ya faɗi gaskiya. Yana son kan bijimi da mutum zai iya sawa, cikin kwana biyar. Ya tambaye ni ko na taɓa yi. Na ce masa haba, a Kano wannan ai aikin yara ne. Ban taɓa ko ganin irinsa ba. Yana juyawa ya ga tsawon Tanko, nan take ya ce ga bijiminsa.

Yanzu ku da kuka ce abin banza ne, ku ji. Feɗe kai ba feɗe jiki ba ne. Fatar ido siririya ce, aska ta zame kaɗan ka yi wa sa ido uku. Leɓe sai ka tsaga shi ta ciki ka fitar da naman. Kunne akwai guringuntsi a tsakiya, sai ka juya shi kamar safa ka zare. Sai babban, wato ƙaho. Ku kuna ganinsa kamar itace, amma cikinsa akwai wani ƙashi mai laushi cike da jini da ɓargo. Sai an dafa ƙahon, an yi ta bugunsa a jikin kututture har ƙashin ya faɗo, a wanke ramin da toka. Tanko ya zaɓo mini kan wani farin bijimi, ƙahonsa kamar hannun mutum. Na dama kaɗai ya cinye mini wuni guda. Na duba kwanaki, na duba na hagu, na ce ai wannan rana za ta busar da shi. Kunnen hagu ma na bar shi da guringuntsinsa. Na ɗinka fatar a kan kwando da waya, na yi shafi da buhu ta ciki, na kai bayan shago na shanya.

Ruwa ya sauko. Kwana uku ana yi, in ya gaji ya koma yayyafi ya huta, ya sake dawowa. Ranar kai aiki na shafe kan da man gyaɗa, na zazzage masa kwalbar turare, na ɗauka na kai ina bismilla a zuci.

Satin farko lafiya lau. A sati na biyu ne aka kunna wa Tanko manyan fitilun nan masu zafi kamar murhu. Ƙahon hagu ya fi na dama nauyi tunda ban ƙwaƙule shi ba, sai kan ya karkace gefe guda, kamar yana sauraron abin da ke cikin zuciyarka. Kunnen hagu ya langaɓe. Hudar gani kuma a hanci na yi ta, don haka Tanko ƙafarsa kaɗai yake iya gani, sai yake takawa a hankali, ya tsaya, ya sake takawa. Ana cikin haka sai wani ƙugi ya fara tashi daga cikin kan, ƙasa-ƙasa, ya ɗaga, ya sauka, ya yi shiru, ya sake ɗagawa. Mai riƙe da makirfo ya cire abin kunnensa yana waige-waige. Yaran da ke wasan suka manta da abin da aka ce su faɗa. Wata yarinya ta fashe da kuka na gaske.

Ni na san mene ne. Ƙudaje ne. Sun yi gida a ƙahon hagu, sun hayayyafa, zafi ya tashe su.

Darakta ya tsayar da aiki ya nufo ni. Ni kuwa ƙofa nake kallo ina auna taku nawa ne tsakaninmu. Mutumin nan sai ya rungume ni, tabaransa har yana faɗuwa. Ya ce, "Malam, na wetin you put inside?" Wato me na sa a ciki. Na ce sirrin sana'a ne, daga kakana na gada, ba a faɗa. Ya ɗaga hannu biyu ya ce kada ma in faɗa, Allah ya kiyaye shi da sani.

Tanko ne matsalar, don shi kansa a ciki yake. Da muka koma bayan fage na cire masa, idonsa ya yi ja, hawaye na zuba, ƙuda uku suna yawo a girarsa. Kafin ya buɗe baki na riga shi. Na ce, "Yaya Tanko, da gangan na zuba su. Ƙudajen kiwo ne. Haka manyan dukawa suke yi a Kano."

Ya dube ni, ya dubi kan. Ya ce, "To."

Ya je famfo ya wanke kansa da sabulun wanki. Sati goma sha uku yana sa kan nan. Ya toshe hanci da kunne da auduga, ya cika baki da goro, ya sunkuyo in kifa masa. Ko sau ɗaya bai ƙara tayar da maganar ba.

Abin da wasan nan ya yi a garin nan, ba ku da labari. Yara suka daina zuwa rijiya. Iyaye mata suka koma ɗiban ruwa da kansu suna zagin gidan talabijin, Asabar ta yi kuma su ne a gaba wajen kunnawa. In aka koro shanu za a kai mayanka, sai ka ga 'yan makaranta sun watse, wani yana gudu yana ihu cewa shi ya ci kifin miya. Wani hedimasta ya zo har nan ya ce in yi masa ƙarami ya ajiye a ofis. Da aka gama wasan na ce wa Darakta dole in mayar da sirri inda ya fito. Na naɗe kan a buhu uku, na kai bayan layin dogo na haƙa rami na binne. Karnuka biyu ne suka yi masa rakiya.

Daga nan na koyi shanya irin ta garin ruwa: gishiri da yawa, rumfa mai iska, garwashi a ƙasa, haƙuri a sama da komai. Ban ƙara barin ƙaho da ƙashinsa ba. Amma ba wannan ya riƙe ni ba a shekarar da sana'a ta karye. Shekarar nan fata ta yi tsada har masu ganda ma suna kuka, ga takalma da jakunkunan roba sun cika kasuwa. Mu bakwai ne dukawa a layin nan. Uku suka koma gida, biyu suka hau okada, ɗaya ya koma sayar da albasa. Ni kaɗai na rage, don mutum zai taso daga Anaca ko Fatakwal ya ce shi maficinsa sai wanda ya yi kan bijimi. Wasu ma ba sa son komai, su sayi ɗan kube don kawai su ce sun gaisa da ni. Aikina mafi muni a duniya shi ya zama shaidata, ni kuma na yi gum.

Bara sai ga wata mata, Madam Nkechi, za ta yi shekara hamsin, harkar fim take yi. Ta samo tsohon kaset ɗin wasan an juya mata a kwamfuta. Da tsakar rana ta buɗe shi a kan bencin nan, na aika aka kira Tanko, ya zo yana dogara sanda. Rabona da ganin wasan tun ana kallo a talabijin mai ƙofa. Da bijimin ya leƙo daga rijiya, kai a karkace, ƙugin nan ya tashi, matar nan da motarta da direbanta ta ɗaga jaka ta rufe fuska. Ni kuwa ɗinki nake kallo. Innalillahi! Basilla ta tafi hagu, ta tafi dama, kamar maye ne ya riƙe ta. Har wani baƙin ɗigo na gani ya gifta gaban hoton. Madam ta ce lokacin suna yara cewa suke ruhun bijimin ne yake fita neman maƙaryata. Na ce ƙwarai.

Ta ce so take ta sake yin wasan don yaran yanzu. Ta ce masu na'ura sun gwada yin ƙugin nan ta kowace hanya, bai yi ba. Tana son sabon kai, da ƙararsa ta asali, kuma ranar za ta sa kyamara in yi wa duniya bayanin sirrin. Ina shirin cewa ido ya yi rauni, sai Tanko ya ce, "Hudu zai yi. Shi kaɗai ya iya." Ya ci gaba da taunar goronsa.

Sati uku na yi a kan sabon kan, kuma ban taɓa yin aiki mai kyansa ba. Ƙaho biyu a wanke tas, nauyi daidai, kunnuwa a tsaye, hudar gani a ƙarƙashin ido. Ka sa hanci a ciki ƙamshin bagaruwa kawai za ka ji. Saura ƙara.

To ku ji inda tsufa ya kai ni. Na ɗauki kwalba na tafi layin masu nama farautar ƙuda, da furfurata da carbina. Matan kasuwa suka fara janye 'ya'yansu. Wata ta ce Malam ya fara asiri, wata ta ce a'a, taɓuwa ce. Na tara kusan arba'in na zuba a cikin kan, suka fice ta hanci ɗaya bayan ɗaya, ko waige babu. Na sake kamowa na toshe ko'ina, suka zauna shiru kamar masu zaman makoki, washegari na zazzage gawarwaki. Na shafa zuma, tururuwa suka zo. Na sa guntun kifi, kyanwar maƙwabta ta shige ciki ta ƙi fita, kan yana tafiya shi kaɗai a tsakar rumfa, mai shayin can ya bar tukunyarsa ya ruga.

Da na ga haka na ce to bari in ɓata aiki da gangan, yadda na yi da farko. Na sayo wani kan, na yi niyya zan bar ƙahon hagu da ƙashinsa. Wani mai son mafici ya zo muna ciniki, muna hira, ya tafi. Ina dubawa sai ga ƙaho biyu a gabana an ƙwaƙule an wanke da toka. Wallahi hannuna ne ya yi ban sani ba. Na sayo na uku na ɗaure hannu na bar shi yadda yake. Rani ne, rana ta buɗe kamar ta Kano, ta busar da shi ƙayau. Ranar da na nema shekara arba'in da suka wuce, sai lokacin ta ga damar zuwa.

Ranar aiki da hantsi muka taru a filin wata makaranta. An kawo yara, an kafa kyamara, an ajiye wa Tanko kujera a inuwa a matsayin babban baƙo. Wani dogon ɗan wasa ya sa kan mai kyau ya fito daga bayan rijiyar katako. Kai a miƙe, kunne a tsaye, yana tafiya garau tunda yana gani. Yaran nan na ganinsa sai suka ruga suka rungume shi. Ɗaya tana tura masa biskit a baki, wani yana neman hawa bayansa.

Madam Nkechi ta sa aka juyo da kyamara kaina. Ta ce, "Baba, ina ƙarar?"

Na zo da ƙaryata a shirye. Zan ce sirrin sau ɗaya yake aiki a rayuwar mutum, kuma na san za ta yarda, har ma ta fi son haka. Na buɗe baki, sai idona ya faɗa kan Tanko a kujera, ya tsufa, ya ranƙwafa, yana jira ya ji in sake yin ƙarya a gabansa. Sai na ji ba zan iya ba. Na ce babu wani sirri. Na ce ƙaho na bari da ƙashi, ruwa ya hana shi bushewa, ya ruɓe, ƙudaje suka shiga. Karkacewar nauyi ne, tafiyar rashin gani ne, ruhun da ya gifta kuwa ƙuda ne ya fito shan iska. Na faɗa da Hausa, na maimaita da Turancin buroka don kada wani ya ce bai ji ba.

Matar nan ta zauna daɓas a ƙasa da leshinta. Ta ce, "Shekara arba'in ban leƙa rijiya ba saboda ƙuda?" Ta yi dariya har ta koma kuka, ta sake komawa dariya. Ba ta cire ko kalma ɗaya ba a abin da ta ɗauka. Tun daga lokacin babu mai tasowa daga Anaca don ya gaisa da ni, kuma a layin nan Baba Mai Ƙuda ake ce mini, har matan ganda. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Amma ranar ba wannan ne ya tsaya mini a wuya ba. Da aka watse na bi Tanko zuwa bakin titi, ina tafiya a bayansa kamar wanda za a kai gaban alƙali. Na ce, "Yaya Tanko, ka yafe mini. Babu wani ƙudan kiwo. Ruɓaɓɓen abu na yi ta kifa maka."

Bai ko tsaya ba. Ya ce, "Hudu, tun ina shekara bakwai nake cikin nama. Ni za a gaya wa warin ruɓaɓɓen ƙaho? Tun kana ƙofa da shi ranar farko na ji, har da turarenka."

Na ce, "To don Allah me ya sa ka yi shiru? Sati goma sha uku kanka yana ciki!"

Ya ce, "Wata uku ke nan da zuwanka, ba ka san kowa ba, tabarmar da kake kwana ma tawa ce. Da na buɗe baki, da a ranar ka hau motar Kano."

Na tsaya a bakin titin nan, tsoho da ni, hawaye yana bin gemuna, masu okada suna ta yi mini hon. Shi kuwa ya miƙo mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Kama ni mu tsallaka, ƙafar nan ba ta da sauri yanzu."